Koren Layin da Ya Wanke Abokina

Shekarun baya, zamanin da kuɗin man fetur ke kwarara a ƙasar nan har ƙauye ya ji ɗuminsu, lokacin muna ƙarƙashin jihar Kaduna tukuna, ina zaune a ƙofar shagona na gyaran rediyo a Ƙanƙara sai na hango wata mota ta kunno kai. Doguwa ce, ruwan zuma, tana tafe a natse kamar ba ta son taka ƙasa. Ƙarfen narka dalma yana hannuna, na manta da shi har sai da na ji ƙaurin tebur. Ni dama haka Allah ya yi ni, ba ni da wuyar kamuwa da so, ko na mutum ko na ƙarfe.

Motar ta zo ta tsaya daidai gabana. Ƙofa ta buɗe, sai ga abokina ya fito, wanda muka tashi unguwa ɗaya, ya karkata hula gefe.

"Rufe bakin mana, kada ƙuda ya samu masauki," in ji shi.

"Kai! Wannan fa daga ina?"

"Daga Amurka, ta jirgin ruwa. Ɗan Alhaji mai karatu can ya aiko ma babanshi. Ni ke ja."

Alhajin nan ubangidansa ne, mutumin Faskari. Da tuƙin gingimari ya fara, ya sha hanya shekara da shekaru kafin Allah ya buɗa masa, ya tara manyan motoci na kansa da ƙatuwar gona wajen Sabuwa. Mutum ne mai kyauta, amma in maganar mota ce ba ya son a koya masa. Abokina ya daɗe yana yi masa tuƙi, kuma a lokacin an sa masa ranar aure bayan kaka da wata budurwa 'yar Tafoki. Ni nake rubuta masa wasiƙun da yake aika mata. Ina zuba kalamai har ni kaina in ji hawaye, ita kuwa amsarta ba ta wuce layi biyu.

Damina ta yi tsakiya sai ga shi ya sake zuwa shagona, wannan karon a ƙafa daga tasha, babu karkata hula. Ya zauna kan benci har na gama ɗaure bayan wata rediyo.

"An karɓe makulli," ya ce.

A hankali ya warware mini. Tun farkon damina motar ta fara shan mai fiye da yadda ta saba. A cika tanki a Faskari, a je Sabuwa a dawo, sai allura ta faɗi kamar an je Kaduna. Alhaji ya kira tsohon makanikinsa, wanda ya daɗe yana gyara masa manyan motoci. Dattijon ya canza filogi, ya wanke kafireta, ya sake wankewa, daga ƙarshe ya ce inji ba shi da laifi, in mai yana ɓacewa to ta wata hanya yake bi. Abokina kuwa, don tsoron kada a zarge shi, sai ya riƙa sayen mai a jarka daga aljihunsa yana ƙarawa a ɓoye. Ran nan wani ya gan shi a Sabuwa tsugune a bakin tanki, ga jarka ga tiyo. Wa zai yarda zubawa yake ba zuƙa ba?

"Ƙofar masallaci Alhaji ya faɗa, bayan Juma'a," in ji abokina. "Ya ce ya riƙe ni kamar ɗa, ashe da tiyo nike saka mashi. Magana ta kai Tafoki. Babanta ya aiko a dakata da batun aure."

Bai yi kuka ba, amma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na tambaye shi ko motar ta zo da wasu takardu. Ya ce akwai wani ƙaton littafi na Turanci da aka tarar a but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar, babu wanda ya kula shi, yana ɗakinsa yana kallon zane-zanen ciki. Washegari ya kawo mini. Kwana uku na yi a kansa da ɗan Turancin makarantar koyon sana'a da ƙamus, rediyoyin mutane suna jibge suna jira.

Abin da na gano ya ba ni mamaki. Motar tana da ɗan akwatin lantarki, ƙwaƙwalwarta ke nan, shi ke yanke yawan man da za a ba inji. Shi kuma akwatin ba ya gani, ba ya ji, sai abin da wata 'yar aba ta gaya masa. Sensa ake ce mata. Kamar filogi take, da waya guda, an ɗaura ta a bututun salansa kusa da inji, kafin tukunyar da ke tace hayaƙi. Aikinta shinshina hayaƙi. In ta ji ragowar iska da yawa a ciki sai ta aika da wuta kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara mai. In ta ji iska ta yi ƙaranci sai wutar ta hau, a rage mai. Mai lafiya ba ta zama wuri ɗaya, hawa da sauka take ba tsayawa. Wutar duka ba ta kai ta batirin tocila guda ba, kuma saurin canzawarta ya fi ƙarfin mita mai allura.

Amma ina da abin da zai gan ta. Lokacin da maigidana na Kaduna ya yaye ni, ya ba ni tsohon osiloskop ɗinsa, akwati mai nauyi da ɗan gilashi a gaba, wanda ke zana wutar lantarki da koren layi ka gan ta da idonka tana motsi. Da shi nake bin ciwon rediyo da talabijin. Ban taɓa jin wanda ya kai shi gaban mota ba.

Da na gaya wa mahaifiyata niyyata, sai ta ajiye tankaɗe ta dube ni.

"Kai da ko facin keke ba ka iya ba, motar Alhaji za ka taɓa? In ka ƙona ta, ina za mu sa kanmu?"

Ta shiga ɗaki ta fito da bargonta mai kauri ta miƙo mini.

"Naɗe abin naka da wannan, hanya ba kyau. Yaron nan a gabana aka haife shi, ba ɓarawo ba ne. Allah ya ba ka sa'a."

Haka na hau a-kori-kura zuwa Faskari, na rungume akwatin a cinya cikin bargo, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta tambaya ko jariri ne ba lafiya.

Da hantsi muka isa. Alhaji yana zaune ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gidansa da mutanensa, tsohon makanikin yana gefe. Muka durƙusa muka gaida su. Alhaji bai ko dubi abokina ba. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Mai rediyo?" Alhaji ya ce. "To, motar tawa waƙa ta daina yi?"

Aka kwashe da dariya. Na warware bargo, dattijon makanikin ya leƙo.

"Tun kafin a haife ka nike cikin baƙin mai," ya ce, "ban taɓa ganin an duba mota da talabijin ba. Wasan kwaikwayo za ka nuna mamu?"

"Baba, ba don na fi ku sani na zo ba," na ce. "Motar ce ke da wani baki da ba a jin maganarsa sai da wannan. Ku ba ni izini in saurara, in babu komai in naɗe kayana."

Alhaji ya ɗan yi nazari. Ina ganin son kallo ne ya rinjaye shi, ba yarda da ni ba.

"A tada mashi janareto. Amma ka ji, in ka ƙona mani waya ɗaya, kai da abokin naka ku nemi wani gari."

Aka ja doguwar waya daga cikin gida. Na ɗora akwatin kan kujera kusa da motar, aka buɗe bonet. Na lalubo sensar can ƙasa inda littafin ya nuna, na soka ƙaramar allura a mahaɗin wayarta na maƙala bakin na'urata, ɗaya bakin kuma na kama jikin inji da shi. Baba makaniki ya tada mota, don an hana abokina taɓa ta. Na ce a bar ta ta yi zafi sosai, domin sensar ba ta magana da sanyi. Mutane suka taru a bayana har suna tare mini haske.

Koren layin ya fito. Na sa Baba ya ɗan taka totur ya riƙe. Na zuba ido ina jiran hawa da saukar da littafi ya yi alkawari.

Layin ya kwanta can ƙasan gilashi, shiru, kamar macijin da aka kashe.

"To, mai talabijin, mi ta ce?" in ji Baba.

"Ta ce iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan."

Baba ya fito daga mota, ya zagaya baya, ya zura yatsa a bakin salansa ya ɗago shi baƙi ƙirin, ya nuna wa jama'a.

"Wannan ne mai ya yi kaɗan? Ni na san mi ke kawo wannan. In an zuƙe fetur aka cike gurbin da kananzir, haka hayaƙi ke yi."

Dariya ta sake tashi, ta fi ta farko. Na saci kallon abokina, kansa yana ƙasa. Na zo wanke shi, ga shi na ƙara masa laifi na biyu.

Abu mafi sauƙi a lokacin shi ne in ce sensar ta mutu in tattara kayana. Amma sabuwa sai an aiko daga Amurka, wata da watanni, kuma babu wanda zai yarda da maganar da ba a gani ba. Ban ma tabbata ta mutun ba. A gyaran rediyo maigidana ya koya mini kada in yanke wa abu hukuncin mutuwa sai na tsokane shi na ga ko zai motsa. Sai na kwance murfin matatar iska, na ɗora tafin hannuna a bakin kafireta na toshe rabinsa, don iska ta ragu mai ya yi yawa. Inji ya shaƙe, ya yi gurnani.

Layin ya yi tsalle sama.

Na ɗage hannu, ya faɗo. Na mayar, ya tashi. Sau uku, ba jinkiri ko kaɗan. Dariyar ta tsaya.

"Tana da rai," na ce. "Ba ƙarya take ba. Iska take ji da gaske."

Ga baƙin hayaƙi yana cewa mai ya yi wa inji yawa, ga sensa tana rantsuwa iska ce ta yi yawa. In duka biyun gaskiya suke faɗi, to iskar ba ta cikin inji ta biyo ba. Wani wuri take shiga tsakanin inji da sensar. Sai a lokacin kunnena ya kama wani ɗan sauti, fut-fut-fut, daga ƙarƙashin motar. Tun zuwanmu yake yi, ba wanda ya kula, domin duk motocin gidan haka suke kuka.

Na tuɓe riga, na roƙi tabarma, na shige ƙarƙashi. Bututun yana saukowa daga inji, ya lanƙwasa a ƙasa, sannan ya wuce wurin sensar. A daidai gindin lanƙwasar, tazarar taƙi ɗaya kafin sensar, ga huda zagayayya, tsaf, baƙin hayaƙi ya yi mata kwalli. Ba tsatsa ba ce, ba dutse ba ne. Hannun mutum ne ya yi ta. Hayaƙi ba a miƙe yake fita ba, bugu-bugu yake, kuma tsakanin bugu da bugu hudar tana zuƙo iskar waje kai tsaye zuwa hancin sensar. Ita kuma ta kai rahoton abin da ta ji, ƙwaƙwalwa ta yi ta ɗura mai.

Na nemi a miƙo mini jiƙaƙƙen tsumma da laka da guntun sanda, na ce kuma ina buƙatar wanda zai danne mini. Ba wanda ya so ya ɓata rigarsa, sai abokina ya shigo ya kwanta kusa da ni. Na nuna masa hudar. Ya dube ta, ya rufe ido.

"Kada ka tambayi wanda ya huda," ya raɗa mini.

"Don me?"

"Alhaji ne. Farkon damina muka ƙetare rafin hanyar Sabuwa, ruwa ya shiga salansa. Da muka dawo da kanshi ya nuna ma mai walda wurin, ya ce a huda ruwa ya riƙa tsiyayewa. Duk motocinshi haka shike masu. Don Allah kada ka kunyata shi gaban mutane."

Na dube shi a cikin duhun ƙarƙashin motar nan. Mutumin da aka kira ɓarawo a ƙofar masallaci, shi ne yake roƙo a rufa wa wanda ya kira shi asiri.

Ya cusa lakar da tsumman, ya danne da sanda. Fut-fut ɗin ya ɗauke. Kafin in gama fitowa na ji muryar Baba makaniki.

"La'ilaha illallahu! Ku zo ku gani, abin na rawa!"

Na miƙe na duba. Koren layin ya bar ƙasa, yana hawa yana sauka, yana hawa yana sauka, reras kamar kunyoyin gonar da gwani ya yi wa huɗa. Na sha ganin kyawawan abubuwa a rayuwata, na kuma ƙaga waɗanda suka fi su a wasiƙun mutane, amma ban taɓa ganin abin da ya kai layin nan kyau ba. Na ce wa abokina ya saki. Layin ya kwanta. Ya danne, ya tashi rawa. Alhaji da kansa ya taso ya tsaya a kafaɗata yana kallo.

"Yi mani bayani," ya ce.

Na yi masa, a hankali, yadda zai shiga. Na ce man ba a jarka yake fita ba, ta salansa yake fita, ƙonewa yake a banza saboda wata huda da ke ruɗa motar.

"Huda? Wa ya huda mani mota?"

Abokina yana ƙarƙashi, ba ya ko motsi. Sai na ce:

"Alhaji, wanda ya sa aka yi ta ya san mota. Inda ruwa ke kwanciya ya zaɓa, bai kuskure ba. A gingimari wannan dabara ce mai kyau. Ita wannan ce baƙuwa, ba ta san dabarunmu ba."

Alhaji ya dube ni, ya daɗe. Sannan ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a kan tabarmar da gwiwoyinsa, ya leƙa. Ya ga sandar, ya ga wurin da take danne, ya ga mai riƙe da ita. Da ya miƙe bai karkaɗe rigar ba.

"Ni na sa aka huda," ya ce, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji. Ya sunkuya ya ce, "Fito haka nan, hannunka zai ƙone."

Amma Alhaji ba mutumin da gilashi kaɗai zai gamsar ba ne. A ranar aka kira mai walda ya toshe hudar, Baba ya wanke filogi. Washegari aka cika tanki har baki a gaban Alhaji, ya miƙa wa abokina makulli, ya zauna a gaba yana kallon allura har Sabuwa, aka juyo. Motar ta sha abin da take sha tana sabuwa.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, Alhaji ya tsaya a daidai inda ya tsaya wancan karon. Ban je ba, abokina ne ya ba ni labari. Alhaji ya ce inda ya faɗi magana nan zai janye ta, yaron nan bai ci masa ko ɗigo ba, shi ne ya zalunce shi, yana neman gafararsa a gaban kowa. Da la'asar kuma ya sa aka kai shi Tafoki a cikin motar, ya shiga wurin baban yarinyar da kansa. Bayan kaka aka ɗaura aure. Ni na yi babban aboki, na kuma yi jawabin da har yau ake yi mini tsiya da tsawonsa.

Baba makaniki ya zo har Ƙanƙara bayan sati biyu, wai rediyonsa ce ke shaƙewa. Rediyon lafiyarta ƙalau. Ya zauna ya ce in sake nuna masa yadda ake karanta layin nan. Ita kuwa sensar ba ta yi tsawon rai ba. Littafin ya ce ba ta jure fetur mai dalma, namu kuwa a lokacin duk irinsa ne. Na gaya wa Alhaji tun a ranar, don kada gobe a sake neman wanda za a ɗora wa.

Na gyara abubuwa da yawa bayan wannan, wasu sun fi shi wuya nesa ba kusa ba. Amma in aka tambaye ni ranar da na fi alfahari da sana'ata, wannan hantsin nake tunawa. Ba don na kunyata masu dariya ba, ko da yake, in faɗi gaskiya, wannan ma ya yi mini daɗi. Sai don na kusa cewa sensar ta mutu saboda maganarta ba ta yi daidai da abin da kowa ya riga ya yarda da shi ba, amma na dakata na gwada ta. Da na yi gaggawa da na yi mata abin da aka yi wa abokina.

Shi kuwa ya ci gaba da tuƙa Alhaji har ranar da Allah ya karɓi ran dattijon, yana cikin waɗanda suka sa shi a kabari. Daga baya direbobin tashar garinsu suka ɗora shi a kan sasanta rigingimu. Yanzu gemu ya yi fari, ido ya rage, ba ya tuƙi. Na kai masa ziyara kwanakin baya na tarar da wani Alhaji mai mota ya kawo ƙarar direbansa, yana kumfar baki wai ana sace masa mai. Abokina ya bar shi ya zazzage duk abin da ke cikinsa, bai katse shi ba. Da ya gama, sai ya jawo tabarmar da ke jingine a bayansa ya miƙa masa.

"Na ji, Alhaji. Je ka shiga ƙarƙashin motar ka duba tukuna. In ka fito sai mu yi maganar yaron."